Zanen jiki na mutanen Polinesiya: yadda ake bugunsa, da wanda ke da ikon ɗauka

Malam Sabo:
Assalamu alaikum. Tun da aka turo hotunan 'yan wasan zari-ruga na Samowa da Niyu Zilan nake ganin ana kiran abin da ke jikinsu "tatun Turawa". A gyara, don Allah. Turawa tarar da shi suka yi. A 1722, da jiragen Jacob Roggeveen ɗan ƙasar Holan suka gifta ta Samowa, mutanensa sun hango maza daga nesa suka ɗauka wandon siliki mai kama jiki ne suka sa, alhali zane ne daga ƙugu har gwiwa. James Cook ɗan Ingila kuwa bai isa Tahiti ba sai 1769.

Polinesiya yanki ne a tekun Pasifik mai kusurwa uku: Hawayi a arewa, Niyu Zilan a kudu maso yamma, Rapa Nui a can gabas. A ciki akwai Samowa, Tonga, Tahiti da tsibiran Markesas. Tushensu ɗaya, mutanen da masu tonon tarihi ke kira Lapita, waɗanda suka isa Tonga kimanin shekara 2,800 da suka wuce. Kayan zane mafi tsufa da aka samu a yankin wasu 'yan mataji huɗu ne na ƙashi daga tsibirin Tongatapu na Tonga. An tono su a 1963, sai a 2019 aka fitar da sakamakon awon shekarunsu: kusan 2,700. Biyu ƙashin tsuntsu ne, biyu ana kyautata zaton na mutum ne. Siffarsu kusan ita ce wadda ake aiki da ita a Samowa har gobe.

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Mataji kuma? Na ɗauka allura ake sokawa ɗaya bayan ɗaya.

Garba:
A'a ƙanena, bugu ake yi. Abin aikin sunansa 'au, kuma gaɓa uku ne da shi. Akwai haƙoran, da ake sassaƙawa daga hauren alade: a goge hauren ya zama falle siriri, a fiƙe bakinsa ya fitar da tsinaye a jere. Wannan fallen ana ɗaure shi a jikin wani ɗan faranti na ƙwaryar bayan kunkurun teku, farantin kuma a ɗaure shi a kan ƙotar itace, ya zamana haƙoran sun kalli ƙasa, sun yi gicciye da ƙotar. Sai sandar bugu, sausau, mai tsawon kusan santimita 60. Mai zanen yana riƙe 'au da hannu ɗaya a saman fata, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙotar da sandar a ɗaya hannun, kowane bugu haƙoran su shiga su fito su bar tawada.

Ba 'au ɗaya ake aiki da shi ba. 'Au tapulu shi ne mai faɗi, yakan kai santimita 5, falle biyu ko fiye ake haɗawa, da shi ake cike wuraren da za su zama baƙi ƙirin a cinya. 'Au sogi'aso na jan layi ne. 'Au mogo shi ne ƙarami, na ɗige-ɗige da ƙananan siffofi.

Tawadar sunanta lama. Akwai wani itace mai 'ya'ya masu maiƙo sosai, har ana kunna su kamar kyandir. Sai a ƙona su a ƙarƙashin dutse ko ƙoƙon kwakwa, kunkunniyar ta taru a sama, a kankare, a niƙa ta yi laushi, a dama da ruwa. In ba ta niƙu ba, tsakuwar cikinta na toshe tsakanin haƙoran, layi ya fito a yayyanke.

Kuma mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Ga mai zanen, tufuga ta tatau, ga mataimaka aƙalla biyu masu miƙe fata da tafin hannu, ga mai share jini da tawada bayan 'yan bugu kaɗan. Masu miƙe fatar nan su ne rabin aikin. In fata ta saki, haƙoran sai su yi tsalle ko su kama nama, layi ya ninku ko ya karkace, kuma babu gogewa.

Dakta Hadiza:
Bari in ƙara kan maganar Yaya Garba ta fuskar jiki. Fata hawa-hawa ce. Ta saman tana saɓulewa ta sake sabuwa cikin kusan wata guda, don haka tawadar da ta tsaya a nan za ta fita tare da ɓamɓaroki. Wurin da ake nema shi ne hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2. A nan ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye baƙin, su kasa narkar da shi, ya zauna. In kuwa bugu ya yi nauyi ya kai ga kitsen da ke ƙasa, tawada sai ta bazu, gefen layi ya yi dishi-dishi launin shuɗi, wani lokaci wurin ya warke da tabo mai tudu. Inji ana saita masa zurfi. Da 'au kuwa, nauyin hannun mai bugu ne kaɗai ma'auni, kuma kaurin fata ya bambanta: ta baya da kauri, ta cikin cinya da bayan gwiwa siririya. Shi ya sa almajiri ke shafe shekaru yana miƙe fata yana share jini kafin a bar shi ya riƙe sanda.

Binta:
Kada mu tsaya kan kayan aiki mu bar mutanen. A Samowa ba kowa ke zama tufuga ba. Sarauta ce ta gado a gida biyu, Sa Su'a da Sa Tulou'ena. Zanen maza sunansa pe'a. Ana farawa daga baya: mai zanen ya auna tsayin da zai tsaya, ya ja siffar kwalekwale a gicciye, bakinsa biyu su nufi haƙarƙari. A ƙarƙashinsa akwai baƙar siffa mai kusurwa uku, ta jemage. Sai layuka da ake kira aso, sunan sandunan jinkar ɗakinsu. Daga nan a gangaro mazaunai, a bi cinya ɗaya a gama, a koma ɗayar, har ƙasan gwiwa. Cibiya ce ƙarshe. Duk wanda ba a buga masa cibiya ba, aikinsa bai kammala ba ko da sauran jikin ya cika.

Zama ɗaya sa'o'i ne, kuma ana yi kullum ko a tsallake kwana. In jiki ya ba da haɗin kai a gama cikin mako biyu, in kumburi ya tsananta a kai watanni. Ba a shiga shi kaɗai: akan samu abokin tafiya, soa, a yi musu tare. 'Yan uwa na zaune gefe suna waƙa. Wanda ya gudu a tsakiya, abin da ke jikinsa ana ce masa pe'a mutu, wato guntulalle, kuma kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta dangi ce. Wanda ya kai ƙarshe ya zama soga'imiti, shi ke tsayawa gaban masu sarautar gari yana hidima, yana raba abin shan 'ava a zaman fada. Ma'anar ke nan a wurinsu: wannan mutum ya shirya ɗaukar nauyin jama'a.

Ranar gamawa akwai biki, sama. A dama man kwakwa da kurkum a shafe jikin, mai zanen ya fasa ƙwai a kansa, a ɗage hane-hanen da aka ɗora masa. Ladan tufuga a da tabarmi ne masu laushi da ake kira 'ie toga, waɗanda ake ɗaukar watanni ana saƙa ɗaya, da abinci. Yanzu kuɗi ya shigo, tabarmin ba su fita ba.

Nura:
Anti Binta, mata fa? Ko na maza ne kawai?

Binta:
Na mata sunansa malu, daga saman cinya zuwa ƙasan gwiwa. Ba shi da cikon baƙi irin na maza, ƙananan siffofi ne a wawware, taurari da ɗige-ɗige, fata na bayyana a tsakani. Alamar da ba a rasawa ita ce mai kusurwa huɗu a bayan gwiwa. A da 'yar babban mai sarauta, taupou, ita aka fi yi wa, saboda ita ke dama 'ava da tarbar baƙi.

Su kansu suna da labari kan wannan. Wai tagwaye mata, Taema da Tilafaiga, suka yi iyo daga Fiji ɗauke da kwandon kayan zane, suna rera cewa a zana mata a bar maza. Suna dab da tsibirin Savai'i na Samowa suka hango wata ƙatuwar ƙumba a ƙasan ruwa suka nutsa, da suka taso waƙar ta juye musu, suka ce a zana maza a bar mata. Kuma lallai a Fiji mata aka san ana yi wa zane.

Malam Ilyasu:
Ina bin ku, kuma ilimi ne mai kyau. Amma akwai yara a nan, ya kamata a faɗa a fili: a Musulunci soka fata a cusa launi ya zauna haramun ne, hadisin la'antar mai yi da mai neman a yi mata yana cikin Buhari da Muslim. Lalle daban, shi ba ya huda fata. Sanin al'adar mutane ba laifi ba ne, kwaikwayo ne abin gudu.

Malam Sabo:
Allah ya gafarta Malam, haka ne, kuma ba wanda ke kira a je a yi. Hasali ma su masu abin ba sa son wanda ba nasu ba ya ɗauka, za mu zo wurin.

Mu leƙa Maori na Niyu Zilan, don nasu ya fita daban. Sun isa can wajen shekarar 1300, kuma suka sauya dabara a fuska. Nasu sunansa ta moko.

Garba:
Bambancin a kayan aiki yake. Maori suna da uhi, ɗan ƙaramin cizal na ƙashin wani babban tsuntsun teku da suke kira toroa. Aiki biyu ake yi: a fara da mai kaifi marar haƙora a tsaga fata, sannan a bi da mai haƙora a cusa baƙi a cikin tsagar. In ya warke, fuska na fitowa da kwari-kwari, hannu na jin su. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne tsagar gado ta wanzamai, inda ake tsagawa da aska a goga baƙi, kuma sana'ar ta gado ce, kuma zanen na faɗin gidan da mutum ya fito. Sai dai na Maori layuka ne masu naɗewa da suka rufe goshi, hanci, kumatu da haɓa.

Baƙin fuska daga kunkunniyar itace mai ƙaro ake samunsa, irin su kauri da kahikatea. Fuska takan kumbura har baki ya kasa buɗuwa, ga kuma hani cewa mai ɗanyen moko ba ya taɓa abinci da hannu, dafaffen abinci ma ba ya taɓa wurin. Sai aka sassaƙa mazurari na itace, korere, ana ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa. Mata kuma haɓa da leɓe ake yi musu, moko kauae.

Nura:
Na ga wani jadawali a intanet, an raba fuskar Maori gida takwas, wai nan muƙami, nan aure, nan sana'a. Akwai kuma mai cewa haƙorin kifin shak kariya ne, kunkuru tsawon rai. Gaskiya ne?

Malam Sabo:
Ka yi hattara da shi. Siffofin suna da sunaye na gaske, wannan babu musu. Amma a ce kowace siffa na da fassara guda da ke aiki daga Hawayi har Niyu Zilan, wannan shagunan zane ne suka yaɗa don mai saye ya zaɓa. Rabon fuska gida takwas ma masana Maori da yawa ba su yarda da shi a matsayin doka ta kowace ƙabila ba. Abin da yake tabbas shi ne moko na mutum ɗaya ne, ba a maimaita shi. Te Pehi Kupe, wani shugaba da ya je Ingila, ya zana nasa a takarda da ka, ba madubi, a 1826. A 1831 shugabanni 13 sun aika wa Sarki William na Huɗu wasiƙa, kowa ya zana wani sashe na mokonsa a madadin sa hannu. Wasu sun yi haka a yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda Maori suka ƙulla da Birtaniya.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. Maori kan busar da kan babban mutum da tururi da hayaƙi su adana, na dangi don girmamawa, na abokin gaba don ganima. Da Turawa suka fara saye suna biya da bindiga, lokacin da ƙabilu ke yaƙi kuma marar bindiga ya halaka, sai abin ya zama kasuwa, har ana zana bayi a kashe su a sayar. Gwamna Darling da ke Sidni, a Ostireliya, ya haramta cinikin a 1831, bayan kawuna da yawa sun riga sun watsu a gidajen tarihin Turai da Amurka. Tun 2003 gidan tarihin Te Papa da ke Wellington ke bin sawunsu yana dawo da su. Birnin Rouen na Faransa ya mayar da ɗaya a 2011, Faransa ta ƙara 20 a 2012.

Binta:
Malam, a nan ina da ja. Ana yawan cewa 'yan mishan ne suka kashe zanen a ko'ina. To ai Samowa ma sun je. John Williams ya sauka a 1830, cocinsa ta hana, amma pe'a bai taɓa yankewa ba.

Malam Sabo:
Ba ja ba ne, Hajiya, tambayar ce ta dace. Dubi inda ya mutu. A Tahiti, Sarki Pomare na Biyu ya karɓi Kiristanci, dokokin da suka fara fita daga 1819 suka bi al'adun da. A Tonga, dokar Vava'u ta 1839 ƙarƙashin Tupou na Ɗaya ta haramta zanen. Wato inda sarki ɗaya ya tattara mulki, da ya juya sai doka ta juya da shi. Samowa ba ta da wannan. Mulki na hannun masu sarautar ƙauyuka, in wani gari ya hana samari su tafi wani. Ga 'yan Katolika da suka iso a 1845 ba su tsananta ba. Har mutanen Tonga kan tsallaka Samowa a yi musu.

Binta:
Na yarda da rabi. Sauran rabin shi ne cuta da raguwar jama'a. Markesas ta fi kowa cika jiki da zane, maza tun daga fatar kai har yatsun ƙafa, har fatar ido. Cututtukan da jiragen ruwa suka kawo sun cinye mutanen, daga dubun-dubata suka koma kusan 2,000 a shekarun 1920. Dokar Faransawa masu mulkin tsibiran, wadda ta hana zanen, ta zo ta tarar da gwanayen suna ƙarewa. Sana'ar da ke kan mutum ba a takarda ba, in malami da almajiri suka mutu a shekara ɗaya, shi ke nan. Abin da ya saura shi ne zane-zanen da Bajamushe Karl von den Steinen ya kwafa a 1897, da na Willowdean Handy wajen 1921. Daga su 'yan Markesas da Tahiti suka sake koyo a shekarun 1980, hannun bugu kuma daga Samowa aka aro shi.

Ita ma dokar 1907 ta Niyu Zilan da ake cewa ta haramta moko, masu maganin gargajiya ta nufa. Moko na fuskar maza ya riga ya ja baya tun shekarun 1860. Mata ne suka riƙe na haɓa, da allurar ɗinki ma, har tsakiyar ƙarni na 20.

Nura:
To wanda aka yi da inji, yana shiga lissafi?

Garba:
Ya danganta da inda kake. Maori da yawa sun karɓi inji, suna cewa nasaba da izinin dangi ne ke mai da shi moko, ko da yake akwai masu komawa ga uhi. Nanaia Mahuta ta ɗauki moko kauae a 2016, ta zama ministar harkokin waje a 2020 da shi a haɓarta. Samowa kuwa sun tsaya: pe'a ko malu sai da 'au, sai a hannun mai sarautar tufuga. A ganina suna da hujja. Inji na zana layi a kan hoton da aka manna, shi kuwa tufuga da ido yake auna jikin da ke gabansa, ga masu miƙe fata, ga soa, ga dangi. In ka cire waɗannan, siffar kawai ta rage.

Binta:
Amma ko a cikinsu akwai saɓani kan baƙo. Su'a Sulu'ape Paulo na Biyu, tufugan Samowa da ya zauna a Auckland ta Niyu Zilan har rasuwarsa a 1999, ya yi wa waɗanda ba 'yan Samowa ba, ya koyar da 'yan wasu tsibiran, irin su Keone Nunes na Hawayi. Wasu sun zarge shi da sayar da gado, wasu sun ce ba don shi ba da bugun hannu bai koma waɗancan tsibirai ba. Maori sun raba gardama da wata hanya: baƙo a yi masa kirituhi, zane mai salon Maori wanda ba ya ɗauke da nasabar kowa. Abin da ba wanda ya lamunta shi ne na kamfanoni. A 2013 Nike ta fitar da wandon motsa jiki na mata mai siffar pe'a, zanen maza a jikin mata, aka yi ca, ta janye shi ta ba da haƙuri.

Dakta Hadiza:
Ni dai a batun kayan aiki ina goyon bayan sauyin da aka yi, ko da masu son tsantsar gargajiya ba su so. Haure da ƙwaryar kunkuru suna da ƙofofi ƙanana da jini ke shiga, kuma ba sa jure tukunyar tururi ta asibiti, wadda ke buƙatar zafin digiri 121 na minti 15, ko 134 na minti 3. Wankewa da ruwan zafi ba ya kashe ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wanda dama yana da yawa a tsibiran, kuma tana rayuwa a busasshen jini har mako guda. Ka tuna ana yi wa mutum biyu ko fiye a zama ɗaya. Wannan ne ya sa hukumar lafiya a Tahiti ta hana kayan ƙashi da itace a 1986. Yanzu manyan tufuga suna amfani da haƙoran ƙarfe, farantin roba mai tauri, zaren kamun kifi wurin ɗauri, tawadar kanti, safar hannu, kowane mutum da nasa 'au, matashi da tabarma a naɗe da leda. Bugun bai canza ba.

Haɗari na biyu bayan an tashi ne. Pe'a rauni ne mai faɗi, ana sake buɗe sabo kafin na jiya ya rufe. A al'ada ana wanke wurin sau da yawa a rana, ana tausa shi don ruwa da mugunya su fita, ba a barin ɓamɓaroki ya yi kauri, ba a sa matsattsen tufafi. Kumburi da zafi a kwana biyu zuwa uku na farko ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ja da ke yaɗuwa ya wuce iyakar zanen, zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fata ta fara yin baƙi-baƙi mai ƙuraje masu ruwa. Wannan na ƙarshen alamar ƙwayar cuta ce mai cin naman ƙarƙashin fata, an samu irinta a Niyu Zilan bayan zanen gargajiya, kuma tiyata take buƙata cikin sa'o'i. Matsalar ita ce baƙin tawada na ɓoye jan, ga tsoron a ce mutum ya yi pe'a mutu, sai ya daure ya koma zama na gaba. Mai ciwon suga, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai raunin garkuwar jiki, likita ya kamata ya fara gani kafin tufuga.

Nura:
Dakta, idan aka dakata saboda ciwo, an zama guntulalle ke nan?

Garba:
A'a. Dakatawa da izinin tufuga daban, gudu daban. Shi da kansa yakan duba fata da safe, in ya ga ta yi ruwa ko ta kumbura ya ɗaga zaman, domin fatar da ta kumbura ba ta riƙe tawada, kuma layin da aka ja a kanta yana karkacewa in ta sace. In an warke a ci gaba daga inda aka tsaya. Ko mai zanen ne ya rasu a tsakiya, wani daga gidansu yakan karɓa ya kai shi cibiya.